Su suna rawa don tuna sojojinsu da suka mutu, mu ko waƙar namu ba mu riƙe ba

Duk shekara da watan Yuni ya kama sai bidiyoyi su cika YouTube da Facebook daga yankin Nomandi na ƙasar Faransa, wurin da sojojin ƙawance suka sauka ta bakin teku ranar 6 ga Yuni 1944 don su kori sojojin Hitila. Da safe za ka ga maƙabartar sojojin Amurka da ke Colleville an yi tsit, kaburbura sama da 9,300 a jere farare fat, ana busa begila, tsofaffi a keken guragu suna share hawaye. Amma yamma na yi, a dandalin ƙananan garuruwan da ke kusa irin su Sainte-Mère-Église, sai ka tarar an kafa dandamali, makaɗa wajen goma sha bakwai sun jeru da ƙahonninsu na tagulla, kiɗa na tashi, maza da mata cikin shigar zamanin yaƙi suna ta juyi ana dariya. Na tura wa wani abokina irin wannan bidiyon sai ya bugo min waya yana cewa, Malam wannan wane irin juyayi ne, samari sun mutu a wurin kuma a zo ana cashewa?

Gaskiya tambayarsa ba ta banza ba ce, ni ma da farko haka abin ya zo min. Mu a wurinmu mutuwa abin nutsuwa ce, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, mai zuwa ya zo ya yi addu'a a shafa, ya ce ya ƙarin haƙuri, ya tashi. Ko mai rediyo a maƙota sai ya rage murya. Kuma ba na nan don in ce a canza wannan, mamacinmu addu'a yake buƙata, shikenan. Amma da na zauna na bi tarihin wannan kiɗa da suke kira suwin, na gane cewa abin da mutanen nan suke yi ba rashin ta-ido ba ne, kuma akwai wani abu a ciki da ya sa na ji kunyar yadda mu muka yi da namu kakannin.

Bari in fara da shi kansa kiɗan don wanda bai taɓa saurara ba. Babbar ƙungiya ce ta makaɗa, galibi masu busa saksafon biyar, masu ƙahon tirampet huɗu, masu turambon huɗu, wato ƙahon nan mai zarya da ake ja ana turawa, sai mai fiyano da mai ganguna da mai jita da mai wani ƙaton goge na tsaye da ake tsinkar tsirkiyarsa da yatsa. Abin da ke sa shi daɗi shi ne ɓangarorin nan suna magana da juna ne, wannan rukuni ya jefa, wancan ya karɓa, kamar dai yadda makaɗin fada yake bayarwa 'yan amshi suna ɗauka, can kuma a yi wa mutum ɗaya fili ya tashi tsaye ya busa abin da ya zo masa a rai sannan ya zauna a ci gaba. Daga wajen 1935 har ƙarshen yaƙi a 1945 shi ne kiɗan samari da 'yan mata a Amurka, ba shi da na biyu, da shi ake zance, da shi ake aure, shi ne a rediyo shi ne a faifan garmaho.

To yanzu ka tambayi kanka su wa aka kwasa aka kai yaƙin. Ai waɗannan samarin ne. Amurka kaɗai ta rasa sama da mutum 400,000 a yaƙin duniya na biyu, kuma da yawansu yara ne 'yan sha tara, 'yan ashirin da ɗoriya, wanda bara waccan yana filin rawa a garinsu yana jin kunyar tunkarar yarinya, bana yana kwance cikin rami a ƙasar da bai iya faɗin sunanta ba. Idan an busa begilar bankwana a kan kabarinsa, ana tuna soja ne, mai lamba da muƙami da bataliya. Amma idan aka saka kiɗan da yake so, sai yaron nan ya dawo, ɗan wance, mai son gayu, wanda ya bar budurwa da alƙawari. Ni a ganina wannan shi ne dukkan hikimar abin, kuma ba ƙarama ba ce. Dutsen kabari ranar mutuwa yake nuna maka, kiɗan kuma yana nuna maka rayuwar da aka datse, sai ka fi jin zafin asarar, don ba ka sanin girman abin da yaƙi ya ci sai ka ga yadda mutumin yake lokacin da yake da rai.

Mutumin da sunansa ya manne da wannan al'ada shi ne Glenn Miller. An haife shi a 1904 a wani ƙaramin gari Clarinda a jihar Iowa, mabushin turambon ne, kuma zuwa 1939 ƙungiyarsa ta zama ta ɗaya a Amurka. Yana da wani salo da ko daga nesa ka ji ka san shi ne, ya ɗora sarewar kilarinet a sama saksafon huɗu suna bi ta ƙasa, sautin ya fito laushi kamar ana shafa maka kai. A 1942 yana da shekara 38, da wuya a tilasta masa shiga soja, kuɗi na shigo masa ta ko'ina, amma mutumin nan ya je ya nemi a ɗauke shi. Sojan ruwa suka ce a'a, ya koma wajen na ƙasa suka karɓe shi da muƙamin kyaftin, a watan Satumba na shekarar ya sallami ƙungiyarsa gaba ɗaya ya sa kaki. A cikin soja ma bai samu abin da sauƙi ba, don wasu manyan hafsoshi gani suke kiɗan fareti na da can ya isa, shi kuma ya dage cewa yaran nan kiɗan gida suke so su ji, ba kiɗan kakanninsu ba.

A watan Yuni 1944 ya ƙetara Ingila da ƙungiyar makaɗansa ta soja. An fara sauke su a Landan lokacin da Jamus ke ruwan bama-baman nan masu tashi da kansu, Miller ya matsa a fitar da yaransa, ranar 2 ga Yuli aka kwashe su zuwa garin Bedford, washegari bam ya faɗa a layin da suka bari ya kashe sojojin Amurka sama da 60. Kwana ɗaya tak tsakani. Daga nan suka shiga aiki ba dare ba rana, wasa a rumbun ajiye jirage, wasa a asibitin sojoji, wasa a rediyon BBC, ɗaruruwan wasanni cikin wata shida, har da shirin da yake yi da Jamusanci ana watsa wa sojojin abokan gaba. Ka yi tunanin matuƙan jiragen yaƙi da suka cika rumbu suna tafi suna fito, gobe da asuba za su tashi zuwa sararin Jamus kuma kowa a wurin ya san ba duka za su dawo ba. Wasu wannan ne kiɗan ƙarshe da kunnensu ya ji a duniya.

Ranar 15 ga Disamba 1944, yana Manjo a lokacin, ya hau wani ƙaramin jirgi mai inji ɗaya daga filin Twinwood kusa da Bedford zai je Faris ya shirya wa ƙungiyar wurin wasan Kirsimeti. Su uku ne a ciki, shi da matuƙin da wani Laftanar Kanar. Ana hazo da sanyi mai tsanani. Jirgin ya ɓace a kan ruwan da ya raba Ingila da Faransa, har yau ba a ga ko ɓallinsa ba. Washegari Jamus ta ƙaddamar da babban farmakinta a dajin Ardennes, hankalin kowa ya koma can, sai jajibirin Kirsimeti aka sanar wa duniya. Yaransa kuwa da suka isa Faris ba su tarar da shugabansu ba, haka suka hau dandamali suka yi wasan. Shekararsa 40. Sunansa yana nan a bangon waɗanda ba a ga gawarsu ba a maƙabartar sojojin Amurka da ke kusa da Kambirij, cikin sunaye sama da 5,000, an rubuta shi kamar kowa ba wani ƙarin ado.

Shi ya sa idan aka busa waƙoƙinsa a wurin tunawa ba wai an ɗauko kiɗan nishaɗi an liƙa wa makoki ba ne, mai kiɗan ma yana cikin matattun. Hasumiyar kula da jirage ta filin Twinwood yanzu gidan tarihinsa ce, duk watan Agusta ana taruwa a wurin, garinsu Clarinda ma suna yi masa biki duk Yuni, kuma rundunar sojojin saman Amurka tun 1950 ta kafa ƙungiyar makaɗa ta musamman don kar salon ya mutu.

Akwai ma wani dalili da mutane ba su cika kawowa ba. Gwamnatin Nazi ta Hitila ta tsani wannan kiɗa, a wurinsu kiɗan baƙar fata ne da Yahudawa, tun 1935 suka hana sa jaz, wato kiɗan da suwin ya fito daga cikinsa, a rediyon Jamus. Samarin birnin Hambug da suka nace suna haɗuwa a ɓoye suna rawarsa, a 1941 aka kama ɗaruruwansu, wasu aka tura su sansanin gwale-gwale. Kenan wanda ya busa suwin a kan ƙasar da aka ƙwato daga hannun Hitila, yana faɗin wata magana ne ko bai buɗe baki ba. A ɗaya ɓangaren kuma gwamnatin Amurka ta san darajarsa, daga 1943 ta rinƙa buga faifai na musamman ana tura wa sojoji a akwatuna har bakin daga, a daidai lokacin da ƙungiyar makaɗan ƙasar ke yajin aikin naɗar faifai amma suka ce na sojoji kam a yi, kyauta.

To amma fa nan yabon nawa ya tsaya, don akwai inda abin yake ɓata min rai sosai.

Na farko, an mayar da shi kasuwa da wasan ado. Ka ga ƙato ya saya kakin soja na da a intanet ya rataya lambobin girma da bai san wa ya zubar da jini ya same su ba, yana ɗaukar hoto a jikin tsohuwar jif. Kiɗan yana da zaƙi, to zaƙin nan yana iya rufe ɗacin, har yaro ya tashi yana ganin yaƙin duniya wani zamani ne na kyawawan kaya da soyayya a tashar jirgin ƙasa. Alhali yaƙin da ya ci mutane sama da miliyan 60 ne, yawancinsu ma ba sojoji ba, kuma garuruwan Nomandi ɗin nan da ake rawa a cikinsu, dubban mutanensu bama-baman ƙawance ne suka kashe su wajen 'yanto su. Idan taron bai tsaya ya kira sunan ko mutum ɗaya ba, bai yi shiru na minti guda ba, to ni ban kira shi tunawa ba, casu ne kawai aka samu dalili.

Na biyu kuma shi ya fi ci min tuwo a ƙwarya. Wannan kiɗa baƙaƙen fatar Amurka ne suka ƙirƙire shi. Fletcher Henderson, Duke Ellington, Count Basie, su suka gina shi a unguwar Harlem da birnin Kansas kafin fararen fata su ɗauka su yi kuɗi da shi. Ita kanta waƙar Miller da ta fi kowacce suna, In the Mood, wani baƙar fata ne Joe Garland ya tsara ta, kuma ƙungiyar baƙaƙe ce ta fara naɗarta a 1938 kafin ta Miller ta fito a 1939. Amma ƙungiyar Miller ta soja babu baƙi ko ɗaya a ciki, don rundunar Amurka a lokacin a rabe take, fari daban baƙi daban, bariki daban wurin cin abinci daban, sai a 1948 shugaba Truman ya sa hannu a dokar hana wannan. Baƙaƙe sama da miliyan ɗaya suka sa kaki a yaƙin nan, su ne yawancin direbobin manyan motocin da suka rinƙa jigilar mai da harsashi a Faransa dare da rana bayan saukar Nomandi, amma a filin rawa na sojoji ana kaɗa kiɗan iyayensu su kuma sau da yawa suna waje. Tun ma a yaƙin duniya na farko wani baƙar fata Laftanar James Reese Europe ne ya kai wa Faransawa irin wannan kiɗa a 1918 tare da makaɗan bataliyar baƙaƙe ta 369, shi ma ya shiga rami ya shaƙi iskar guba. Sannan a Landan, daren 8 ga Maris 1941, bam ya ratsa rufi ya faɗa gidan rawa na Café de Paris ana tsakiyar wasa, ya kashe mutum sama da 30, ciki har da shugaban makaɗan Ken Johnson, baƙar fata ɗan ƙasar Gayana mai shekara 26, wanda ƙungiyarsa ke cikin mafi shahara a Birtaniya. A kan dandamali ya mutu. Sau nawa ka ji an ambace shi a irin waɗannan taruka? Kullum Miller, Miller. Ban ce bai cancanta ba, ya cancanta wallahi, amma tunawar da ta zaɓi launin fata ai ta maimaita laifin da aka yi wa mutanen tun suna raye.

Kuma wannan ne ya dawo da ni gida. Yaƙin nan ba na Turawa kaɗai ba ne, mu ma namu sun je. Dubun dubatar 'yan Afirka ta Yamma aka kwasa a jirgin ruwa zuwa Indiya daga nan ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, runduna ta 81 da ta 82, 'yan Najeriya ne suka fi yawa kuma kaso mai tsoka daga Arewa, har Hausa ce yaren bariki, Baturen hafsa ma dole ya koya. Sun yi faɗa da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, cikin ruwan sama da sauro da matsattsaku, wasu bindiga suka ɗauka wasu kuma kaya a ka suna ratsa dajin da mota ba ta shiga. Wasu bataliyoyin Najeriya suna cikin dakarun Chindit da aka sauke a bayan abokan gaba a 1944. Barikokin da muke wucewa kullum, Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Myohaung da Arakan a Legas, duk daga wancan yaƙin sunayen suka fito, amma ka tsayar da matashi goma ka tambaye su ina sunan ya samo asali ka ga ko mutum ɗaya zai sani.

Shi kansa suwin ɗin ya biyo yaƙin har yankinmu. Sojojin Birtaniya da Amurka da aka jibge a Akara suka zo da faifansa da ƙahonninsu, wani sajan ɗan Sikotilan ya haɗa ƙungiya da makaɗan gari, cikinsu akwai matashi E.T. Mensah wanda daga baya ya zama sarkin kiɗan hailaif. To ka ga har kiɗan rawar Gana da Najeriya na shekarun 1950 akwai ƙamshin wancan zamani a jikinsa.

Amma kakanninmu da suka je Bama ba Miller suke saurara ba, suna da nasu. Suna da waƙoƙin fareti da Hausa, suna da na tafiya, na zambo ga Hitila da Japan, na kewar gida da mata da tuwo. A unguwarmu lokacin muna yara akwai wani tsoho ɗan mazan jiya, Baba kawai muke ce masa, yana zama a bakin masallaci bayan la'asar, wani lokaci ba wanda ya tambaye shi sai ka ji ya ɗauko wata waƙa yana buga sandarsa a ƙasa daidai da takun soja, idan ya kai wani wuri sai ya yi shiru ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya kira sunan wani abokinsa da suka baro a can ya ce Allah ya jiƙansa. Mu yara muna ta dariyar Turancin barikinsa. Ba wanda ya kawo rakoda, ba wanda ya ɗauko biro. Ya rasu da waƙar a bakinsa, yau ko baiti ɗaya ba zan iya kawo maka ba sai dai sautin sandar, kuma duk lokacin da na ga jikokin sojojin Amurka suna rera kiɗan kakanninsu harafi da harafi bayan shekara tamanin sai wannan tsohon ya faɗo min.

Muna da ranar tunawa da 'yan mazan jiya, 15 ga Janairu, a da 11 ga Nuwamba ce kamar sauran ƙasashen renon Ingila kafin a mayar da ita ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Ana ajiye furanni a Abuja, a harba bindiga, a saki tantabaru, 'yan badujala su busa, manya su shiga mota. Duk da kyau. Amma komai na wurin na hukuma ne, babu abin da zai sa ka ji cewa wanda ya mutun nan saurayi ne mai abin da yake so da wanda yake so. Kuma ba maganar Bama kaɗai ba, yaran da muke rasawa a dajin Sambisa da bakin tafkin Chadi da dazukan Zamfara yau, kowannensu akwai waƙar da ke cikin wayarsa, akwai wadda suke rerawa tare a bayan mota idan za a fita. Wa ke tattara su? Ban ce a kafa dandalin rawa a maƙabarta ba, wannan ba ɗabi'armu ba ce kuma ba zan so ba. Abin da nake cewa gidajen rediyonmu da jami'o'inmu da sashen makaɗan soja su bi 'ya'ya da jikokin mutanen nan tun akwai masu tuna wani abu, a naɗa, a ajiye, ranar 15 ga Janairu a sa a rediyo tare da sunayen masu ita a bi da addu'a.

Sunayen ma ai suna nan ga mai nema. A maƙabartar Taukkyan da ke wajen birnin Yangon a ƙasar Bama akwai ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na sojojin da ba a san kabarinsu ba, kuma namu suna ciki. Da yawa an rubuta su ne yadda aka ɗauke su aiki, sunan yanka sai a liƙa sunan gari, wane Sakkwato, wane Katsina, wane Bauci, wane Dikwa. Wataƙila abokin da Baba yake kira yana jikin ɗaya daga cikin ginshiƙan nan, ni kuwa ko sunan ban riƙe ba.